BAYANI A KAN INSHORAR MASU SANA'A A CIKIN GIDA

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai bayarwa, Mai hanawa, wanda arzikin bayi duka ya ke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan bayani ne a kan dukiyar da a ke juyawa cikin gidaje, da tanadin da ya kamata mai ita ya yi mata tun ranar asara ba ta zo ba. Mai rumfa a kasuwa, in rumfarsa ta ƙone, ya koma gida ya kwana. Wanda gidansa ya ƙone, in yana da rumfa a kasuwa, gobe ya fita ya nemo abin gyara. Amma wanda ya haɗa makwanci da jari ƙarƙashin rufi guda, wuta ɗaya ta ishe shi, gari ya waye ba wurin kwana, ba abin juyawa. Shi ya fi kowa bukatar lamuni, kuma shi ne bai cika samunsa ba.

Fasali na farko: Kasuwar da ba ta da rumfa

Kowane gari na ƙasar Hausa kasuwa biyu gare shi. Akwai ta fili, wadda sarkin kasuwa ya san yawan rumfunanta. Akwai kuma ta cikin gidaje, wadda ba mai iya ƙidaya ta. A can ne a ke matsar man gyaɗa, a soya ƙuli-ƙuli, a dafa daddawa, a kirɓa fura, a yi alkaki da nakiya da dubulan na biki. A can a ke ɗinkin hula, a haɗa turaren wuta da humra, a jera atamfa da leshi cikin ɗaki mata su shigo su zaɓa. A zaure kuwa ga tela da kekensa, ga mai injin markaɗe, ga mai firiza yana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Wata Baturiyar Ingila mai binciken tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna Batagarawa kusa da Katsina cikin 1967, ta ga yadda matan kulle ke cinikin hatsi da abinci daga ɗakunansu, yara na kai da kawowa. Cikin 1969 ta buga bayaninsa, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Yau wayar salula ta tsaya wa mata da yawa matsayin 'yar talla, amma kayan dai suna nan inda su ke, cikin ɗaki.

Da wannan ciniki a ke yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, da shi a ke biyan kuɗin makaranta da na magani, da shi a ke rufa wa maigida asiri ran da ya dawo hannu biyu. Abokan gabansa kuwa uku ne sanannu, wuta da ruwa da ɓarawo. Ga kaskon mai bisa murhu, ga tukunyar gas kusa da shi, ga jarkar fetur ɗin janareta a bayan ƙofa, ga tsohuwar wayar lantarki da a ka ɗora wa inji da firiza alhali don ƙwai biyu a ka ja ta. In hunturu ya shigo, kome ya bushe, iska na kaɗawa, tartsatsi guda ya isa. Ruwa kuwa, mutanen Maiduguri sun ga aikinsa cikin Satumba 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, ya shiga unguwanni da dare, ya ci buhu da keke da yadi duk inda ya same su.

Ba a ƙasar nan kaɗai a ke ganin haka ba. Inshorar gobara ma kanta, daga gobarar sana'ar cikin gida ta samo ƙarfi. Ran 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a birnin Landan, wanda tandunsa ke ƙasa, shi da iyalinsa suna kwana a bene. Ta yi kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje fiye da 13,000. Kimanin shekara 15 bayan haka, wani mai suna Nicholas Barbon da abokansa su ka buɗe ofishin lamunin gidaje game da gobara. Turawa su ka zo da wannan al'ada Nijeriya, kamfanin Royal Exchange ya buɗe reshe a Ikko cikin 1921. Ga shi yau shekara fiye da ɗari, amma kuɗin inshorar ƙasar duka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara ba.

Fasali na biyu: Mene ne inshora?

Asalinta abu ne mai sauƙi. Mutane masu yawa, waɗanda hatsari iri ɗaya ke bisa kansu, kowa ya zuba kaɗan cikin asusu, wanda ƙaddara ta faɗa wa a ɗebo a tashe shi. Ga misali, ba don ya zama farashi ba, sai don a gane lissafin. A ƙaddara mata 1,000 masu sana'a kowace ta zuba naira 5,000 a shekara, an tara naira 5,000,000 ke nan. In gobara ta sami goma daga cikinsu, kowace ta yi asarar naira 300,000, sai a biya naira 3,000,000, duk su goman su koma bakin murhu. Ba wadda ta san ko ita ce cikin goman, amma yawan jama'a ya sa a kan iya kintatar adadin.

Wani zai ce, ai Hausawa suna da adashi da gudummawa da jaje tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, kuma Allah Ya sāka wa masu yi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma fa adashi abin da mutum ya zuba shi ya ke kwasa, ba ƙari, kuma sai ranar kwasarsa ta zo. Gudummawa kuwa gwargwadon ƙarfin maƙwabta ce. Ran da wuta ko ruwa ya ci unguwa ɗungum, mai bayarwa da mai karɓa duk sun zama ɗaya. Amfanin babban asusu shi ne ya haɗa na Sakkwato da na Bauci da na Zariya, waɗanda masifa ba ta cika samunsu rana ɗaya ba.

Fasali na uku: Maganar malamai

Mutane da yawa abin da ya hana su kusantar inshora shi ne tsoron haram, kuma tsoron yana da tushe. Malami na farko da a ka sani ya yi maganarta shi ne Ibn Abidin, Bahanafe na birnin Dimashƙa, wanda ya rasu cikin 1836. A zamaninsa fatake su kan biya wani kuɗi don a lamunce musu kayan da su ka loda a jirgin ruwa, shi kuwa bai ga halaccin karɓar wannan ramuwa a ƙasar Musulmi ba. Malaman da su ka biyo baya sun ambaci illa uku ga inshorar kasuwanci. Ta farko garari, watau ciniki a kan abin da ba a san zai samu ko ba zai samu ba. Ta biyu kama da caca, domin ko kamfani ya cinye zubin duka, ko mai zubi ya karɓi ninkin abin da ya ba da. Ta uku riba, domin kamfani ya kan juya kuɗin ta hanyar bashi da ruwa. Akwai waɗanda su ka saɓa, kamar Shaihu Mustafa Zarƙa na ƙasar Sham, wanda ya halatta ta. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, wadda ta halatta ita ce ta taimakon juna da a ka gina bisa kyauta.

Wannan ita a ke kira takaful, watau lamuncewar juna. Dalilinta sananne ne ga almajiran hadisi. Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa, in guzurinsu ya yi ƙaranci su kan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai, Annabi kuwa ya yaba musu. Haka nan shari'a ta ɗora diyyar kisan kuskure bisa dangin mai laifi, watau aƙila, don kada nauyi ya karya mutum ɗaya. Kamfanin farko mai bin wannan hanya an kafa shi a Sudan cikin 1979, Maleshiya kuma ta yi dokarta cikin 1984. A Nijeriya, Hukumar Inshora ta Ƙasa, wadda a ke kira NAICOM, ta fid da ƙa'idodin takaful cikin 2013. Cikin 2016 ta ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful izni, daga baya waɗansu su ka biyo, kamar Salam Takaful.

Ga yadda ta ke tafiya. Abin da mutum ya zuba, kyauta ce ya yi ga asusun 'yan'uwansa masu zubi, asusun kuwa ba mallakar kamfani ba ne. Kamfani wakili ne, yana ɗaukar ladan wakilci sananne tun farko. Ba a juya kuɗin sai ta hanyar halal. In shekara ta ƙare a ka sami rara bayan an biya masu asara an keɓe na tanadi, a kan raba wa waɗanda ba su karɓi kome ba, gwargwadon sharaɗi. In asusu ya gaza, kamfani ya ranta masa rance mara ruwa. Kowane kamfani kuma tilas ya zauna da majalisar malamai masu duba aikinsa.

Mai cewa wannan ya saɓa wa tawakkali, ya tuna an umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Ya tuna kuma Annabi Yusufu ya sa an adana hatsin shekara bakwai na ƙoshi domin shekara bakwai na fari. Takaful ba ta tare ƙaddara, kuma ba wanda ya ce za ta tare. Nauyin ta ke rabawa bayan ƙaddara ta sauka.

Fasali na huɗu: Ramin da masu sana'ar gida ke faɗawa

Nan ne zuciyar maganar, mai karatu ya natsu. Takardar lamunin gida daban, ta lamunin sana'a daban. Wadda a ke yi wa gida, galibi ginin ta ke rufewa da kayan zaman yau da kullum, kamar gado da kujeru da tufafi. Kayan sayarwa da injin sana'a ba su cikinta sai an ambace su da suna. Mutum ya kan yi shekaru yana zubi, zuciyarsa kwance, ran da wuta ta ci buhun gyaɗa ashirin, mai ƙiyasta ɓarna ya zo ya duba takarda ya ce, wannan kayan ciniki ne, ba mu lamunce shi ba.

Abin da ya fi wannan muni, wannan yarjejeniya bisa cikakkiyar gaskiya a ke ƙulla ta. Wajibi ne mai nema ya faɗi duk abin da zai sa a ƙara masa zubi ko a ƙi karɓarsa. Gidan da a ke soya ƙuli-ƙuli kullum hatsarinsa ba ɗaya ba ne da gidan da a ke girki sau uku. In ya ɓoye, kamfani na iya warware yarjejeniyar baki ɗaya, har abin da a ka lamunce tun farko ya tafi. A takaful kuwa ɓoyewar ta fi nauyi, domin ba kamfani ya cuta ba, 'yan'uwansa masu zubi ya ɗora wa kayan da ba su sani ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mas'ala ta biyu, ta mallaka. Ba a lamunce wa mutum sai abin da ya mallaka ko wanda ramuwarsa ke wuyansa. Shari'a ta tabbatar dukiyar mace tata ce, miji ba shi da hannu ciki sai da yardarta. Saboda haka in gida na miji ne, jari na mata, a rubuta kowa da nasa. In mata biyu ne ko uku kowace da sana'arta, a ambaci kowace da ɗakinta da kayanta, don kada kuɗin ramuwa ya zama sanadin husuma. Ɗan haya kuwa kayansa zai nema wa lamuni, gini na mai gida ne.

Mas'ala ta uku, ta ƙima. Waɗansu su kan rage darajar kayansu don zubi ya yi sauƙi, ba su san akwai sharaɗin gwargwado ba. Misali, tela yana da kaya na naira 600,000, ya ce na 300,000 ne. Wuta ta ci na 200,000. Ba za a biya shi 200,000 ba, sai 100,000, domin rabin kayansa ya lamunce, rabin asara za a ɗauka. Kuma tun da farashi ba ya zama wuri ɗaya, ƙimar bara ba ta isa bana, sai a sabunta ta kowace shekara. Mai kayan da ke ƙaruwa gabanin salla ya faɗi haka tun farko.

Mas'ala ta huɗu, ta irin masifar. Takardar gobara zalla wuta ta ke rufewa da tsawa, da fashewar gas na girkin gida. Ambaliya da guguwa sai an ƙara su. Sata kuma takardarta daban, kuma galibi sai an ga alamar fasa ƙofa ko haura katanga. Abin da mai shigowa saye ya zare cikin ɗaki ƙofa a buɗe, ba a cika biyansa ba. Irin ginin ma a kan duba, zubin ɗakin jinka ba ya zama ɗaya da na siminti da kwano.

Fasali na biyar: Kayan mutane

Akwai asarar da ta fi ta jari ciwo, ita ce ta kayan mutane. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san mazhabar Malik ta bambanta mai ajiya da mai sana'a. Wanda a ka ba ajiya, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya ramawa. Amma mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, kamar tela da marini da maƙeri, in ya karɓi kaya ya tafi da su inda mai su ba ya gani, ramuwa na wuyansa, sai fa in shaidu sun tabbatar kayan sun halaka ba da sakacinsa ba. An yi haka ne domin maslahar jama'a.

To, a duba telan zaure cikin goman ƙarshe na azumi, shaddar mutum arba'in jibge kusa da janareta. Kekensa bai kai kuɗin shadda biyar ba. In wuta ta tashi daga fetur ɗin da ya ajiye, wa zai shaida ba sakaci? Saboda haka lalle ya nemi a rubuta masa kayan amanar da ke hannunsa, ba nasa kaɗai ba. Haka mai markaɗe, haka mai aikin hula, haka mai gyaran waya. Akwai kuma lamunin haƙƙin waɗansu, watau in wutar murhun sana'a ta tsallaka gidan maƙwabci, ko belin inji ya kama hannun yaron da a ka aiko, ko abincin sayarwa ya cutar da wanda ya ci. Wannan ma ba ya shiga sai an nema.

Fasali na shida: Abin da ya kamata a yi

Na farko, rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umurnin rubuta bashi ta ƙunsa, ƙarami da babba. Mai sana'a ya sami littafi, da ajami ko da boko, ya riƙa sa abin da ya shigo da abin da ya fita. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗanta. A adana rasiɗin keke da na inji, a ɗauki hoton kaya da waya. Kwafi ɗaya ya kwana gidan ɗan'uwa, domin littafin da ya ƙone tare da kaya ba ya shaida.

Na biyu, a tabbata kamfanin yana da iznin NAICOM, wakilinsa kuma na gaskiya ne. A karɓi rasiɗi da takardar yarjejeniya daga kamfanin, a sami mai ilmi ya karanta ta har ƙananan layuka, musamman wurin da a ka jera abin da ba a biya, da ɗan kason farko na asara da a kan bar wa mai kaya. Tun 2013 hukuma ta tsaurara ƙa'idar cewa wanda bai biya zubi ba, ba shi da lamuni, saboda haka kada a bar wa'adi ya wuce. Ta kuma fid da ƙa'idodin ƙaramar inshora don masu ƙaramin ƙarfi, ta sabunta su cikin 2018. Cikin 2025 a ka sa hannu ga sabuwar dokar inshora, wadda ta ƙara yawan jarin da a ke bukata ga kamfanoni, ta kuma tanadi asusun kare masu zubi.

Na uku, in abin ya auku, a sanar da kamfani nan da nan. Gobara a sami takardar 'yan kwana-kwana, sata a sami ta 'yan sanda. Kada a share toka sai mai ƙiyasta ɓarna ya gani. In kamfani ya yi taurin kai, hukuma tana da sashen karɓar ƙara. Wanda kuwa ya ƙara wa asararsa gishiri, ko ya cinna wa kayansa wuta da hannunsa, ya sani dukiyar marayu da zawarawa ya ci, domin suna cikin masu zubi.

Tanbihi. Wannan lamuni ba maganin kowace cuta ba ne. Ba ya biyan faɗuwar kasuwa, ko mai bashin da ya ƙi biya, ko kuɗin talla da yarinya ta yar. Ofisoshin kamfanonin kuma a manyan birane su ka fi yawa, kamata ya yi su fito su iske mata inda su ke, ta hanyar ƙungiyoyinsu da uwayen adashi, da takarda cikin harshen da su ke ji. Mai ƙosan da jarinta mudu biyu ne na wake, adashinta ya fi mata. Amma wanda jarinsa ya kai in ya tafi ba zai iya mai da shi cikin shekara ba, ko wanda kayan mutane ke kwana hannunsa, wannan ya yi lissafi. Kafin duk wannan kuwa, a raba fetur da murhu, a kira mai gyaran waya na ƙwarai, a kashe garwashi kafin barci. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya tsare gidajen bayinSa daga wuta da ruwa da mugun hannu, Ya sa albarka cikin neman halal, Ya mai da alheri ga waɗanda su ka yi asara. Allah ne Mafi sani. Tammat.